Lambu

lambu (suna, namiji, jam'i: lambuna)

1. Gonar da ake shayarwa da ruwan rijiya ko kogi, galibi da rani, inda ake noma albasa, tumatir, barkono da itatuwan marmari. *Ya tafi lambu tun da asuba.*

2. Filin da aka tsara don ƙawa da shaƙatawa, ba don girbi ba: ciyawa, furanni, inuwa, tafki da hanyoyin ƙafa. *Lambun Millennium na Abuja, wanda Manfredi Nicoletti ɗan Italiya ya zana, an buɗe shi a 2003.*

tsara lambu: sana'ar tsara fili kamar yadda mai zane ke tsara hoto, sai dai kayan aikinsa ƙasa ne da duwatsu da tsirrai. Gwanin wannan fanni a ƙarni na 20 shi ne Roberto Burle Marx na Brazil (1909–1994). A lokacin da masu hannu da shuni a ƙasarsu ke rububin furannin Turai, shi tsirran dajin Brazil ya riƙa shukawa rukuni-rukuni, launi kusa da launi, cikin layuka masu lanƙwasa. Abin mamaki, a wani lambun tsirrai na Berlin ya fara gane darajarsu. Shi ya tsara daɓen bakin tekun Copacabana a 1970, da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe.

Duba kuma: fadama, garka, shuka.