Ranar da Apple Ya Juya wa Masu Tace Fim Baya

Yaran da suka shigo sana'ar tace fim kwanan nan suna mamakin yadda har yau tsofaffin hannu ke ɓata rai idan aka ambaci manhajar Final Cut Pro X, suna ɗauka tsoron sabon abu ne kawai. Ba su san yadda aikin yake tafiya a da ba. Mai tacewa ba shi ke kammala fim ba. Yana gama yanka sai ya fitar da fayil ɗin OMF ya miƙa wa mai haɗa sauti, ya fitar da fayil ɗin XML don mai gyaran launi, a ƙarshe a buga aikin a kaset, da sandunan launi da ƙarar gwaji a farkonsa, a kai gidan talabijin. Kowa na jiran hannun na gabansa. A watan Yunin 2011 Apple ya saki sabuwar manhajar a kan dala 299: babu OMF, babu XML, babu haɗa hotunan kyamarori da yawa, ba ta ma buɗe aikin da aka yi da Final Cut Pro 7. A lokaci guda kuma ya janye tsohuwar daga kasuwa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne butulcin. Masu zane da masu ɗab'i ne suka riƙe Macintosh tun 1985, lokacin firintar LaserWriter da manhajar PageMaker, kuma ba su gudu ba a 1997 da kamfanin ya kusa durƙushewa. Da Walter Murch ya tace Cold Mountain da Final Cut a 2003, Hollywood ta daina yi wa manhajar kallon kayan wasa. Mu muka yi mata talla kyauta. Amma tun 2007 da aka cire kalmar kwamfuta daga sunan kamfanin, mai hankali ya ga inda iska ta dosa. An kashe sabar Xserve a Janairun 2011, ofisoshin da suka dogara da shi suka rasa madafa. Aka bar manhajar hotuna ta Aperture a 2014. Mac Pro na 2013, mai siffar gwangwani, ba ya karɓar katin hoto na zamani, ya kuma zauna shekara shida ba magaji.

Za a ce kasuwa ce, kuɗin yana wurin iPhone. Gaskiya ne, ba wanda ya ce Apple ya yi sadaka. Za a kuma ce an gyara: XML ya dawo cikin watanni, manyan kamfanin sun amsa laifin Mac Pro a gaban 'yan jarida a Afrilun 2017, ramin katin SD da aka toshe a wasu kwamfutocinsa a 2016 ya dawo a 2021. Duk haka ne. Sai dai gidan da ke da ma'aikata da tarin tsofaffin ayyuka yana sayen tabbacin cewa abin da ya ajiye bana zai buɗu baɗi ne, kuma wannan tabbacin aka karya ba tare da sanarwa ba. Gidajen da suka koma manhajojin Avid da Premiere sun sake horar da mutanensu da kuɗinsu.