Oksindol da Hanyar Haɗa Shi da Ta Dace da Samaru

A 1866 ne Adolf von Baeyer, masanin sinadarai na Jamus, ya samo oksindol yana cikin bin diddigin shunin baba. Zobe biyu ne manne da juna: na benzin mai kabon shida, da ƙaramin zobe mai kusurwa biyar da naitirojin a ciki. Wannan bincike ne ya kai ga shunin kanti da kamfanin BASF ya fara sayarwa a 1897, wanda a hankali ya durƙusar da marina tun daga Indiya har Kano da birnin Zazzau. Yau wannan zobe na cikin magunguna masu tsada, irin su sunitinib na dajin ƙoda da nintedanib na ciwon huhu. Yana ma cikin ganyen giyayya da ake dafawa don zazzaɓi.

To, ta yaya ake rufe ƙaramin zoben? Ɗaya daga cikin hanyoyin da ke jan hankalin masana ita ce ta radikal, wato sinadari mai ɗauke da gwauron elektron, wanda ba ya zama sai ya sami abokin haɗi. Akan fara da akrilamid mai zoben benzin a jikin naitirojin. Radikal ya afka wa tagwayen haɗin kabon, sabon radikal ya ɓullo daura da benzin, ya kama shi, zobe ya rufe. Duk a tukunya ɗaya, kuma abin da radikal ɗin farko ya zo da shi yana nan liƙe a reshen da ke kan kabon na uku, wurin da ya fi wuyar ginawa.

Tsohuwar hanya tana amfani da sinadarin kuza mai guba, wanda raba shi da abin da aka haɗa aiki ne ja. Ta faladiyam kuwa sai mai dala. A ganina duka biyun ba namu ba ne. Wadda ta dace da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ita ce ta haske: a zuba rinin eyosin kaɗan, irin wanda ake rina nama da shi a ɗakin gwajin asibiti, a naɗe kwalbar da zaren fitilar LED da ake sayarwa a shagunan lantarki na Sabon Gari, a kunna mata 'yar fanka kada ta yi zafi. Batir da farantin sola sun ishe ta kwana tana aiki. Gishirin ƙarfe da fasalfet ma suna tayar da radikal da araha.

Za a ce ai ƙarfinmu na wajen tatso sinadarai daga tsirrai. Gaskiya ne, amma kundin da ya tsaya kan cewa ruwan ganye ya kashe ƙwayar cuta bai kai ko'ina ba. Sai an iya gina sinadarin, a canza masa reshe, a ga ko ƙarfinsa ya ƙaru, sannan ake maganar magani.

Inda gizo ke saƙa shi ne tabbatarwa. Radikal yakan bi hanyar da ba a aike shi ba, kuma babu mujallar kirki da za ta karɓi sakamako ba tare da shaidar na'urar NMR mai tantance tsarin sinadari ba. Don haka kiranmu ga Sashen Kimiyyar Sinadarai, da Tsangayar Haɗa Magunguna, da cibiyar NARICT ta Basawa shi ne su haɗa kai su nemi tallafin TETFund don kula da irin wannan na'ura da horar da masu sarrafa ta, ɗalibai kuma su riƙa samun awo a kan kari.