Zinariya ta ɓace a hanya: asarar wa ke nan?

Tambayar da ke kan wannan rubutu tsohuwa ce, ta girmi gidan waya, ta girmi jirgin ƙasa. Mutum biyu sun yi ciniki, ɗaya a wannan gari ɗaya a wancan. Mai saye ya biya, mai sayarwa ya ɗaure zinariya ya aika, saƙo bai iso ba. Wa zai ɗauki asara? Mai saye, ko mai sayarwa, ko wanda aka ba saƙon? Ni karatun harshe nake yi, saboda haka ta bakin kalmomi zan shiga, don kalmomin da muke amfani da su sun riƙe tarihin fiye da yadda muke zato.

Zinariya daga dinari ta fito, kuɗin Larabawa na da. Azurfa kuma daga maƙwabtanmu Buzaye muka aro ta, su suna cewa azref. Miskali, ma'aunin da ake auna zinariya da shi, wajen giram huɗu da ɗan wani abu, shi ma Larabci ne. Kun ga kayan da ma'auninsu duka ta hanyar hamada sunayensu suka zo mana. To sai kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan zance, wato amana. Tushenta a Larabci baƙaƙe uku ne, alif da mim da nun, kuma daga wannan tushe ne Larabawan yau suka ƙera ta'amin, sunan da suke kiran abin da ƴan Najeriya ke ce wa inshora, mu nan muna cewa asirans. Uwa ɗaya ta haifi kalmomin biyu, amma amsar da suke bayarwa in kaya sun ɓace ba ɗaya ba ce.

A ƙarni na 19, ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas zuwa Gat da Tarabulus yana ɗauke da fatu da hauren giwa da gashin jimina, da ɗan garin zinariya. Fataken goro da ke zuwa Gwanja suna da madugu da jagaba da uban dawaki, kuma madugu ne ke sasantawa da masu ƙasa a kan kuɗin fito da na wucewa. Wanda ba zai yi tafiyar da kansa ba sai ya ba wani amana. Hukuncin amana kuwa a fiƙihun Malikiyya, wanda malamanmu ke karantarwa a Risala, sananne ne: wanda aka ba ajiya in ya ce ta halaka ana gaskata shi, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka yi masa. In an ba shi a gaban shaidu, to a gaban shaidu zai mayar. Maƙeri kuma, da sauran masu sana'ar hannu, suna biyan abin da ya ɓace a hannunsu in sun tafi da shi wurin aikinsu. Ma'ana, in ƴan fashi suka tare ayari, asara ta mai kaya ce. Abin da ke kare shi kawai shi ne sanin mutumin da ya ba, da sanin gidansu, da kunyar da za ta bi zuri'arsu in ya ci amana.

Wannan tsari yana aiki muddin kowa ya san kowa. Da kaya suka fara bi ta hannun mutanen da ba a san asalinsu ba, sai aka koma ga awo da hatimi da takarda. Ga wani labari da ya nuna iyakar waɗannan ma.

Daren 15 ga Mayu 1855 aka loda akwatuna uku na zinariya a tashar London Bridge da ke Landan. Na ƴan kasuwa ne masu zaman kansu, za a kai su Paris. Hanyar ita ce jirgin ƙasa zuwa Fokston, jirgin ruwa zuwa Bulon a gaɓar Faransa, sannan wani jirgin ƙasan. An auna kowane akwati, an ɗaure shi da ƙarfe, an buga masa hatimin kaki, an sa cikin akwatunan ƙarfe na kamfanin Chubb masu makulli biyu. Da aka iso Bulon aka sake awo, sai aka ga akwati ɗaya ya ragu da kusan kilo 18, sauran kuma sun ɗan ƙaru. Aka wuce da su haka nan. Sai a Paris da aka buɗe aka tarar da harsashin darma a madadin zinariya. Abin da ya tafi ya kai kilo 102, darajarsa fam 12,000 na wancan zamani.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya taɓa rasa koli a tasha ya san shi. Ingilawa suka ce a Faransa aka yi satar, Faransawa suka ce a'a, daga can kuka turo mana darma. Takardar awo ce ta raba gardama: nauyin da aka samu a Paris daidai yake da na Bulon, amma ya saɓa da na Landan, ke nan kafin kayan su taka ƙasar Faransa aka taɓa su. Duk da haka an fi shekara ba a san ko su wa ba ne.

Ashe mutum huɗu ne, biyu a cikinsu ma'aikatan kamfanin jirgin. William Tester, magatakarda, shi ya shirya jadawalin aiki don James Burgess ya zama mai gadin taragon a daren. Edward Agar, gwanin fasa makulli, ya riga ya kwafi makullan a jikin kaki. William Pierce, tsohon ma'aikacin kamfanin, shi ya ƙulla shirin. Agar ya ɓuya cikin taragon, jirgi na gudu ya buɗe, ya kwashe, ya zuba darma, ya mayar da ɗaurin ƙarfe, ya buga sabon hatimi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda asiri ya tonu shi ya fi ba ni mamaki. An kama Agar a kan wani laifi dabam, na cek ɗin jabu, aka yanke masa kora zuwa Ostareliya har ƙarshen rai. Kafin a tafi da shi ya bar kuɗi a hannun Pierce don ya riƙa kula da Fanny Kay, uwar ɗansa. Pierce ya cinye. Matar ta kai magana ga hukuma, Agar ya ji abin da abokinsa ya yi, ya yarda ya ba da shaida. A Janairu 1857 kotu ta yanke wa Burgess da Tester kora ta shekara 14, Pierce kuma ɗaurin shekara biyu. Makulli biyu da hatimi ba su kama ɓarawo ba, cin amana tsakanin ɓarayin ne ya kama su.

Ƙananan mutane, waɗanda ba su da akwatin Chubb, gidan waya suka dogara da shi, kuma a can ma ana ɗauke-ɗauke. A Ingila akwai wata dabara da aka daɗe ana yi: a yanka takardar kuɗi gida biyu, a aika rabi, sai an ji ya isa a aika ɗaya rabin. A 1841 aka fara wasiƙa mai rajista a Ingila, Amurka ta bi a 1855. Rajista, wato abin da muke ce wa rekomande, ma'anarta duk hannun da saƙo ya shiga sai an rubuta an sa hannu, don in ya ɓace a san inda ya tsaya. Yarjejeniyar Bern ta 1874, wadda ta haifi ƙungiyar gidajen waya ta duniya, ta sa diyyar faran 50 ga saƙo mai rajista da ya ɓace tsakanin ƙasa da ƙasa. Ku lura da kyau: faran 50 ne ko takarda ce a ciki ko zobe. Shi ya sa a taron Paris na 1878 aka ƙara wata yarjejeniya ta wasiƙa mai bayyanannar daraja. Mai aikawa zai faɗi darajar abin, ya biya ƙarin kuɗi gwargwadonta, gidan waya kuma ya ɗauki lamuni har iyakar abin da aka rubuta. Nan ne aka raba kuɗin ɗauka da kuɗin kasada.

Bambancin biyun ya fito sarai a 1958, lokacin da ɗan kasuwar nan Harry Winston ya aika lu'ulu'un Hope daga New York zuwa gidan tarihin Smithsonian a Washington ta wasiƙa mai rajista. Ya biya dala 145.29 ta Amurka. A ciki dala 2.44 ce kawai kuɗin aikawa, sauran duka na inshorar dala miliyan ɗaya ne. Gwamnatin Amurka kanta a 1937, da za ta kai zinariyarta rumbun Fort Knox, a matsayin saƙo mai rajista ta damƙa ta ga gidan waya, aka kai ta cikin jiragen ƙasa da masu gadi.

Inshora kuma tana da wata fuska da ba kowa ke tunawa da ita ba. Ranar 12 ga Satumba 1857 jirgin ruwan Central America, mai ɗaukar wasiƙu da zinariyar Kalifoniya daga Panama zuwa New York, ya nutse cikin guguwa, mutum wajen 425 suka mutu. Zinariyar bankuna da manyan ƴan kasuwa tana cikin takardar lodi, tana da inshora, an biya masu ita. Amma fasinjoji da yawa maƙaƙa ne masu komawa gida da abin da suka tona, a ɗamara ko a jaka, ba a rubuta shi ko'ina ba. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda mutane suka riƙa zubar da zinariya a daɓen jirgi don kada nauyinta ya ja su ƙasa. Wannan ba mai biyan ta. A 1988 aka gano jirgin a ƙarƙashin teku, sai ga kamfanonin inshora 39 a kotu suna cewa tunda magabatansu sun biya diyya, kayan nasu ne. An yi shekaru ana shari'a kafin a ba masu tsamowa fiye da kashi 90 cikin 100. Bayan shekara 130 takarda tana nan tana magana, wanda ya ɗaure tasa a ƙugu kuwa ko sunansa babu cikin ƙarar.

Me ya haɗa mu da wannan duka? Tun 2014, da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten, samari daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suka yi ta kwarara arewa, kuma ko da gwamnati ta rufe Jado a 2017 tonon bai tsaya ba a sauran wurare. Wanda ya samu giram goma ko ashirin sai ya ga tambayar nan a gabansa. In ya sayar a bakin rami za a taya masa da araha. In ya ce sai Agadas ko Yamai, hanya ce mai nisa kuma da ƴan fashi. Da yawa suna sayarwa a can su turo kuɗin ta kamfanonin aika kuɗi, wannan ya fi sauƙin kasada. Wasu kuma suna naɗe ta cikin tsumma su ba direba ko ɗan garinsu. Akwai kuma masu cinikin kayan azurfa na Agadas da sarƙa da ƴan kunne ta WhatsApp, a turo hoto, a tura kuɗi, a sa kaya a motar safa a ce tufafi ne. Cinikin biri a sama ke nan, har sau biyu: mai saye bai ga kaya ba, mai ɗauka bai san abin da ya ɗauka ba.

Dalilin ɓoyewar a fili yake. In ka faɗi cewa zinariya ce, ka sanar da ɓarawo, kuma ana iya ƙin karɓa ko a tambaye ka takardu. In ka ɓoye, ka yafe diyya tun kafin mota ta tashi, don ba wanda zai biya ka zinariya a kan rasit da aka rubuta tufafi. Ƙa'idar gidajen waya ta duniya ma ta hana sa zinariya da azurfa cikin saƙo na kullum wanda ba a bayyana darajarsa ba. Muna tsaye ke nan tsakanin tsari biyu: amanar kakanninmu tana buƙatar ka san mutum da gidansu, inshora kuma tana buƙatar ka rubuta gaskiya ka biya. Mai sa sarƙa cikin koli ya ba yaron mota da bai taɓa gani ba, bai samu ko ɗaya ba.

Abin da na tsinta cikin waɗannan labarai ba shi da yawa, amma zai yi amfani ga wanda ke da ɗan uwa a daji ko yake wannan ciniki. Tun kafin kuɗi su fita hannu a yi magana a fili, a rubuce ko cikin saƙon murya da za a ajiye: in kaya sun ɓace, wa zai ɗauka, kuma daga wane lokaci suka zama na mai saye? A auna a gaban shaidu wajen bayarwa, a sake aunawa wajen karɓa, a buɗe nan take a gaban wanda ya kawo, don a Bulon an ga awo ya saɓa amma aka bari sai Paris. In kayan da yawa a raba su tafiya biyu ko uku, kamar masu yanka takardar kuɗi. A tambayi mai ɗauka iyakar abin da yake biya, kuma ko zinariya na cikin abin da yake lamuni. In amana za a bayar, a tuna hukuncinta: wanda ya ɗaukar maka don zumunci, aka tare shi a hanya ba da sakacinsa ba, ba ka bin sa bashi. Gara a san wannan tun a gida, kafin a ɓata zumunci a kan abin da shari'a ma ba za ta ba ka ba.