Saglemi: Gidaje 5,000 da Majalisar Gana ta amince da su, da abin da aka gani a ƙasa

Saglemi wani fili ne a gundumar Ningo-Prampram, gabas da birnin Accra, a jihar Greater Accra ta ƙasar Gana. Wanda ya je wurin zai tarar da jerin benaye an yi musu fenti da rufi, amma shekara da shekaru ba mai kwana a cikinsu. Ciyawa ta mamaye tsakar gidajen, ɓarayi sun ciccire wayoyin lantarki da ƙofofi. Sunan Saglemi ya zama abin misali a Gana duk lokacin da ake maganar yadda ake kashe dukiyar baitulmali a manyan ayyukan birni, da kuma wanda ke da alhakin sa ido a kanta.

Asalin aikin

A shekarar 2012, zamanin shugaba John Dramani Mahama, gwamnati ta ƙuduri aniyar gina gidaje 5,000 masu sauƙin kuɗi domin ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi. A watan Oktoba na wannan shekara Majalisar Dokoki ta amince a ciyo bashin dala miliyan 200 daga bankin Credit Suisse. A farkon 2013 aka rattaba hannu kan kwangila da reshen Gana na kamfanin gine-gine na Brazil mai suna Construtora OAS, aka ba shi kafin alƙalami na dala miliyan 80, wato kashi 40 cikin 100 na kuɗin aikin.

Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna Gana na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ya san yadda masu gida ke neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta taƙaita abin da za a karɓa a gaba ga wata shida.

Inda lissafi ya sauya

A 2014 ma'aikatar ayyuka da gidaje ta sake fasalin kwangilar. Yawan gidajen ya sauko daga 5,000 zuwa kusan 1,500, kuɗin kuma yana nan yadda yake. A ƙarshen 2016 aka sake yi mata wani gyaran da ya ƙara rage adadin. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: a tsarin farko kowane gida zai ci dala 40,000, a na biyu ya haura dala 130,000. Gidan da ya kai wannan kuɗi ya fi ƙarfin malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da aka ce domin su ake ginin.

Babbar tambayar da ta taso ita ce ta izini. Sashe na 181 na kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce bashin da gwamnati za ta ciyo, da yarjejeniyar kasuwanci ta ƙasa da ƙasa da za ta shiga, sai da amincewar Majalisa. Majalisa ta amince da gidaje 5,000. To idan aka mayar da su 1,500, shin amincewar farko tana nan, ko sai an koma gaban 'yan majalisa? Masu gabatar da ƙara daga baya sun tsaya a kan cewa ba a koma ba, kuma ya wajaba a koma. Waɗanda suka riƙe ma'aikatar a lokacin sun ce aikin kashi-kashi aka tsara shi, kuma kuɗin ya haɗa da hanyoyi da magudanan ruwa na cikin rukunin, ba ginin ɗakuna kaɗai ba.

Shugaba Mahama ya ƙaddamar da kashin farko a 2016. A watan Disamba jam'iyyarsa ta NDC ta faɗi zaɓe, NPP ta Nana Akufo-Addo ta karɓi mulki a Janairun 2017, daga nan aikin ya yi ta tafiyar hawainiya har ya tsaya cik. An riga an fitar da kusan dala miliyan 196, amma ba a kai ruwan famfo da lantarki yadda za a iya zama a gidajen ba. Shi kansa uwar kamfanin OAS a Brazil ya shiga tsaka mai wuya tun 2015, sakamakon binciken cin hanci da aka fi sani da Lava Jato.

Masu sa ido a bisa doka

Gana ba ta rasa hukumomi ba. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa, wanda sashe na 187 ya ba shi ikon bincikar asusun kowace ma'aikata, da ikon ƙin amincewa da kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba ya kuma ɗora wa jami'in da ya yi hakan biyansu daga aljihunsa. Wannan iko ya daɗe a takarda ba a aiki da shi, sai da ƙungiyar farar hula ta OccupyGhana ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2017 cewa tilas ne a riƙa amfani da shi. Akwai kwamitin Majalisa mai bin diddigin asusun gwamnati, wanda bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta, kuma ana nuna zamansa a talabijin. Akwai dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2003, da ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman da aka kafa da dokar 2017, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati.

Matsalar ita ce mafi yawan waɗannan suna isowa bayan kuɗi sun fita. Mai binciken kuɗi yana duba littafin bara ne, kwamitin Majalisa kuma yakan zauna kan rahoton da ya kwana biyu. A Saglemi, lokacin da tsawatarwa za ta yi amfani shi ne 2014, ranar da aka sauya adadin gidajen, amma ba a yi wata muhawara a bainar jama'a a kai ba sai bayan canjin gwamnati. Shi ma mai sa idon ba ya tsira daga matsin lamba: a 2020 fadar shugaban ƙasa ta tilasta wa Babban Mai Binciken Kuɗi Daniel Domelevo tafiya hutu, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce umarnin ya saɓa wa tsarin mulki, bayan ya riga ya bar ofis.

Shari'ar da ba ta kai ƙarshe ba

Gwamnatin NPP ta sa ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gine-gine ta Gana ta auna aikin da ke ƙasa, ta ce darajarsa kusan dala miliyan 65 ce. Da wannan rahoto Antoni Janar Godfred Yeboah Dame ya gurfanar da mutum biyar a Babbar Kotun Accra a 2021, cikinsu har da tsofaffin ministocin ayyuka da gidaje biyu, Alhaji Collins Dauda da Kwaku Agyeman-Mensah, bisa tuhumar jawo wa ƙasa asarar kuɗi. Dukansu sun musanta, NDC kuma ta ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa.

Shari'ar na cikin tafiya Mahama ya sake cin zaɓe a Disambar 2024. A Fabrairun 2025 sabon Antoni Janar, Dominic Ayine, ya janye tuhumar, yana mai cewa an gina ta a kan tubali mara ƙwari. Wannan karon NPP ce ta yi kukan cewa ana wanke 'yan jam'iyya. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa babu kotun da ta sami kowa da laifi a wannan batu, haka kuma babu kotun da ta tantance bambancin da ke tsakanin dala miliyan 196 da aka biya da miliyan 65 da aka kimanta. A Gana Antoni Janar shi ne kuma ministan shari'a, shugaban ƙasa ke naɗa shi, shi ya sa irin waɗannan ƙararraki ke tashi da faɗuwa tare da gwamnatoci.

Game da gidajen kansu, a 2022 ma'aikatar ta sanar cewa ana buƙatar ƙarin sama da dala miliyan 100 kafin a iya zama a cikinsu, kuma baitulmali ba shi da su. A ƙarshen wannan shekarar ne Gana ta dakatar da biyan mafi yawan basukanta na waje, bayan ta nemi agajin asusun IMF. A 2024 gwamnati ta zaɓi haɗakar kamfanoni masu zaman kansu ta Quarm-LMI domin ta kammala ginin da kuɗinta, a sayar da gidajen a raba abin da aka samu.