Ra'is Abdullahi: Hafsan Jirgin Ruwa a Fadar Sarkin Musulmi Bello

Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin Daular Sakkwato a farkon ƙarni na 19 ba ya rasa cin karo da sunan Hugh Clapperton, Baturen da mutanen Barno da Hausa suka sani da Ra'is Abdullahi. Galibi akan ɗauke shi matafiyi kurum, a tsinci abin da ya faɗa game da kasuwar Kano ko fadar Sarkin Musulmi, a wuce. Amma laƙabin nan na Ra'is, wanda Larabawa kan ba shugaban jirgi, yana nuni ga asalin sana'arsa, wato hafsa ne na rundunar ruwa ta Ingila a zamanin jiragen da iska ke korawa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa sana'ar nan ita ta kawo shi ƙasar Hausa, ita ta tsara irin abin da idonsa ya gani, ita ce kuma ta jawo masa zargin da ya tsare shi a Sakkwato har ajalinsa.

Tasowarsa a Teku

An haifi Clapperton a garin Annan na ƙasar Sikotlan a 1788, mahaifinsa likita ne mai tarin iyali. Yana da shekara 13 aka sa shi koyon aiki a jirgin fatauci mai zirga-zirga tsakanin Ingila da Amurka ta Arewa, daga nan ya faɗa rundunar ruwa a tsakiyar yaƙin Ingila da Faransa ta Napoleon. Ya fara daga ƙasa, ya kai matsayin ƙaramin hafsa mai koyon aiki. Ya yi aiki a Tekun Indiya, yana cikin waɗanda suka ƙwace tsibirin Morishas daga hannun Faransawa a 1810. A 1814 aka tura shi Kanada, inda Ingila ke yaƙi da Amurka a kan manyan tafkuna, can ya sami muƙamin laftana, har aka ba shi ƙaramin jirgi ya shugabanta.

Zaman lafiya shi ya tsayar masa da ci gaba. Bayan 1815 aka ɗaure jirage da yawa, aka sallami ɗimbin hafsoshi a kan rabin albashi. Clapperton ya koma gida a 1817 ba jirgi, ba kuma ubangidan da zai ɗaga shi. A wancan tsari, hafsan da ba shi da dangi a manyan wurare ba ya samun ƙarin girma sai ta yaƙi ko ta wata kasada da hukuma ke so. Saboda haka, da Dakta Walter Oudney, wanda shi ma likitan rundunar ruwa ne, ya gayyace shi tafiya Barno, bai yi wata-wata ba. Abin da hukuma ke nema a lokacin shi ne sanin inda kogin Kwara ya ƙare, da buɗe hanyar ciniki, da kuma toshe cinikin bayi ta teku, wanda Ingila ta haramta wa mutanenta a 1807.

Tafiya ta Farko

Ayarin ya taso daga Tarabulus a 1822 tare da Manjo Dixon Denham na sojan ƙasa, wanda bai taɓa shiri da Clapperton ba saboda jayayyar shugabanci. Suka ratsa Sahara ta Murzuk, suka isa Kukawa wurin Shehu Laminu a Fabrairu 1823. A ƙarshen shekarar Oudney da Clapperton suka nufo ƙasar Hausa. Oudney ya rasu kusa da Katagum a Janairu 1824, Clapperton ya shiga Kano shi kaɗai ran 20 ga watan, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya caɓa ado da kayan sarkinsa na ruwa don ya burge Kanawa, amma kowa na harkar gabansa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi.

A nan ne amfanin horonsa ya fito. Hafsan jirgi tilas ya rubuta abin da ya faru kowace rana: alkibla, da nisan tafiya, da iska, da yanayi. Tilas kuma ya san inda yake a bayan ƙasa. Da tsakar rana yakan auna tsayin rana daga sararin ƙasa, ya gane nisansa arewa ko kudu. Nisan gabas da yamma kuwa daga bambancin lokaci ake fitar da shi, domin kowace sa'a guda daidai take da digiri 15. Da wannan ɗabi'a ya ƙiyasta mutanen Kano tsakanin 30,000 da 40,000, ya bayyana rumfunan kasuwa da tsarin dillalai da marina. Daga nan ya ratsa yammacin ƙasar Kano ya isa Sakkwato a tsakiyar Maris 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Ganawarsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta nuna cewa ba shi kaɗai ke nazari ba. Da ya fito da kayan awonsa, Bello ya ambaci buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Ya kuma yi masa tambayoyi a kan rarrabuwar ɗarikun Kirista na dā, har baƙon ya rasa amsa. An ba shi taswirar ƙasar da wani yanki na Infaƙul Maisuri. Bello ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa, ya nuna yarda a aiko masa da jakada da likita, a kuma yi ciniki ta bakin teku, shi kuwa ya hana kai bayi can. Amma bai bar baƙon ya gangara Yawuri ya bi Kwara ba. Clapperton ya koma ta Katsina da Kano da Kukawa, ya isa Ingila a Yuni 1825, aka ba shi muƙamin kwamanda.

Tafiya ta Biyu

Watanni kaɗan bayan haka ya sake fitowa, wannan karo ta teku a jirgin yaƙi mai suna Brazen, ya sauka Badagiri a Disamba 1825. Cikin 'yan rakiyarsa akwai baransa Richard Lander, da wani Bagobiri da Turawa ke kira Pasko, wanda aka taɓa sayarwa bawa, jirgin Ingila ya kuɓutar da shi, ya yi aikin jirgi, ya zama tafinta. Zazzaɓi ya kashe Kyaftin Pearce da Dakta Morrison tun a ƙasar Yarbawa. Clapperton ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Zariya, ya shiga Kano a Yuli 1826, ya tarar da Bello a sansanin yaƙin Gobir a Oktoba.

Sai dai al'amura sun sake. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Barno, Shehu Laminu yana barazana ga ƙasar Kano, ga shi kuwa baƙon yana ɗauke da wasiƙa da kyauta har da makamai zuwa ga Shehun. Bello ya karɓi nasa kyaututtukan da murna, musamman littafin lissafin Uƙlidis na Larabci, ya ce gidansu ya taɓa mallakar irinsa gobara ta cinye. Amma ya hana shi wucewa Barno, ya tsare wasiƙar da makaman. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana. Idan aka duba ta fuskar Bello kuwa, babu sarkin da zai bar makami ya ratsa ƙasarsa zuwa hannun abokin gaba. Daɗin daɗawa, fataken Larabawa, waɗanda hanyar teku za ta karya wa ciniki, suna ta tunatar da fada yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan fatauci suka ƙare da mulki. Mutumin da ke gabansu kuwa hafsa ne na rundunar da ta yi wa Aljazair ruwan igwa a 1816. Clapperton ya kwanta ciwo, ya rasu ran 13 ga Afrilu 1827, Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato, ya koma da takardunsa, aka buga su a 1829.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga inda ya kamata manazarci ya dogara da Clapperton da inda ya kamata ya yi hattara. A kan kwanan wata, da zango, da kayan kasuwa da farashinsu, shaidarsa mai ƙarfi ce, domin abin da aka horar da shi a kai ke nan. A kan manufar sarakuna da ma'anar jihadi kuwa, mutum ne mai ji ta bakin tafinta, mai auna kome da umurnin da aka ba shi, don haka sai an gwada maganarsa da rubuce-rubucen Bello da na Waziri Giɗaɗo.

Tambayar da ta kawo shi, Lander da ƙanensa John suka amsa ta a 1830, da suka bi Kwara daga Busa har teku. Ba a jima ba jiragen tururi suka fara hawowa kogin, zamanin jirgin iska ya kama hanyar shuɗewa. Ta wannan kogi kamfanin Neja ya kafu, ta nan kuma sojan Lugard suka hau har suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shekara 76 bayan rasuwar Ra'is Abdullahi. Wanda ya karanta littafinsa na biyu da wannan a zuciya zai ga cewa tsoron da aka bayyana masa a fadar Sakkwato hasashe ne na mutanen da suka san labarin duniyar zamaninsu.