Kwashe Bidiyo Daga Kaset ɗin Kyamara Zuwa Kwamfuta: Matsaloli da Maganinsu

Kyamarorin MiniDV, da suka fito a 1995, sun ɗauki bukukuwan aure da suna masu yawa kafin zuwan wayoyin zamani. Zafi da ƙura da danshi suna cin kaset a hankali, don haka ya kamata a kwashe abin da ke ciki tun kafin ya lalace.

Galibi matsalar daga kebul take. A yawancin waɗannan kyamarori, kafar USB hotuna kawai take fitarwa. Bidiyon kaset ta kafar FireWire yake bi, wadda kamfanin Sony ke kira i.LINK. Kebul mai araha da ke haɗa FireWire da USB kai tsaye ba ya aiki, amma ana iya sanya wa kwamfutar tebur katin FireWire. A kashe na'urorin biyu kafin a jona su, domin kafar kyamara na iya ƙonewa.

Idan kwamfuta ba ta ga kyamarar ba, a tabbatar an murɗa maɓallinta zuwa PLAY ko VCR. Idan hoto yana yayyankewa, kawunan karatu ne suka yi datti, kuma kaset ɗin gogewa na tsaftace su.

Kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ɗauka, yana kuma cin kusan gigabait 13. Ma'ajiya mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai a sauya ta zuwa NTFS.