Daren da fursunoni fiye da dubu suka afka wa wayar Cowra

1/ Duk wanda aka yi wa maganar tserewar fursunonin yaƙi, fim ɗin The Great Escape na 1963 yake tunawa. Sansanin Stalag Luft III na Jamus, Maris 1944, mutum 76 suka sulale ta ramin da suka haƙa. An kamo 73, Hitler ya sa aka harbe 50, uku kacal suka kai gida. To yau wani labarin na kawo muku, wanda ya fi wannan yawan mutane da yawan jini. Ku biyo ni.

2/ Cowra ƙaramin gari ne na manoma a Ostireliya, kimanin kilomita 300 yamma da Sydney. A Yaƙin Duniya na Biyu an gina sansanin fursunoni a can, aka raba shi gida huɗu. Akwai Italiyawa, akwai Japanawa, akwai 'yan Koriya da Taiwan da suka yi wa Japan aiki.

3/ Italiyawan dai ba su da wata matsala. Da yawansu har gonakin mutanen gari ake tura su aiki. Kamawa ce, ta zo, a jira yaƙi ya ƙare a koma gida.

4/ Ga Japanawa kuwa ba haka abin yake ba, kuma nan ne zuciyar labarin. A 1941 Janar Hideki Tojo ya fitar da ƙa'idojin soja da ake kira Senjinkun, waɗanda suka ɗauki kamuwa da rai a matsayin abin kunya. Kunyar kuma ba ta tsaya kan sojan ba, har iyayensa da danginsa take shafa.

5/ Shi ya sa da yawansu sunan ƙarya suka ba da lokacin da aka kama su. Ana ba su abinci, ana duba lafiyarsu, suna buga ƙwallon baseball, amma wasiƙa zuwa gida ba sa rubutawa. Sun gwammace uwa ta ɗauka ɗanta ya mutu a fagen daga da ta ji yana raye a hannun abokan gaba. Ku ɗan tsaya ku auna nauyin wannan.

6/ Misali Hajime Toyoshima. Matuƙin jirgin yaƙi ne da ya shiga harin Darwin ranar 19 ga Fabrairu 1942. Jirginsa ya faɗi a tsibirin Melville, wani ɗan ƙabilar Tiwi, Matthias Ulungura, ya kama shi. Shi ne Bajapane na farko da aka kama a ƙasar Ostireliya. Ya ce musu sunansa Tadao Minami. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

7/ Zuwa Agusta 1944, ɓangaren B ya cika maƙil da Japanawa 1,104. Wani fursuna ɗan Koriya ya riga ya tsegunta cewa ana shirya wani abu, har hukuma ta girke manyan bindigogi masu sarrafa kansu. Sai aka yanke shawarar kwashe ƙananan sojoji zuwa sansanin Hay, a raba su da shugabanninsu. Ranar 4 ga Agusta aka sanar da su.

8/ A daren suka yi ƙuri'a ɗaki-ɗaki, a kan takardar bayan gida: da'ira in ka yarda a fita, gicciye in ba ka yarda ba. Masu da'ira suka yi rinjaye. Ni dai ina ganin wannan ƙuri'a ba ta 'yanci ba ce. Wa zai so a ce shi ne matsoracin ɗakin? Wasu da suka rayu sun faɗa daga baya cewa rai suke so, amma da'ira suka zana.

9/ Wajen ƙarfe biyu na dare, 5 ga Agusta, cikin hunturu da farin wata, Toyoshima ya busa ƙaho. Suka cinna wa ɗakunansu wuta, suka yi kan waya mai ƙaya da ihu. Makamansu? Wuƙaƙen cin abinci da suka wasa, sandunan baseball, kulake masu ƙusa. Barguna suka riƙa jefawa kan wayar su taka su haye.

10/ Sojoji biyu, Ben Hardy da Ralph Jones, suka ruga kan babbar bindiga suna harbi har aka rufe su aka kashe. Kafin nan ɗayansu ya cire wani sashe na bindigar ya ɓoye, don kada fursunonin su juya ta kan sauran masu gadi. An ba su lambar George Cross bayan mutuwa.

11/ Sama da 300 suka fice. To zuwa ina? Ba taswira, ba jirgi, ba harshen gari, ga jajayen kayan fursuna a jikinsu. Mutanen Stalag Luft III sun kwashe kusan shekara suna haƙa rami da buga takardun jabu don gida suke son komawa. Waɗannan kuwa mutuwar da za ta wanke kunya suka fito nema.

12/ Wasu sun rataye kansu a bishiyoyi. Wasu sun kwanta a gaban jirgin ƙasa. Wasu ma ba su fito daga ɗakunan da ke ci da wuta ba. Amma shugabanninsu sun ba da umarnin kada a taɓa farar hula, kuma ba a taɓa ko ɗaya ba. Har akwai matar wani manomi da ta ba waɗanda suka zo gidanta shayi da abinci kafin a zo a tafi da su.

13/ Cikin kwana goma an kamo duk wanda ya rage da rai. Lissafi: Japanawa 231 sun mutu, 108 sun ji rauni. Sojojin Ostireliya huɗu: Hardy, Jones, Charles Shepherd, da Laftanar Harry Doncaster da aka kashe wajen farautar waɗanda suka gudu.

14/ Gwamnati ta toshe bakin jaridu, don tsoron kada Japan ta huce kan dubban 'yan Ostireliya da ke hannunta. Sai a watan Satumba Firaminista John Curtin ya yi wa jama'a bayani.

15/ Bayan yaƙi, tsofaffin sojojin garin Cowra ne da kansu suka riƙa share kaburburan Japanawan. A 1964 aka buɗe maƙabartar yaƙi ta Japan a garin, a 1979 kuma aka buɗe lambun Japan da har yau mutane ke zuwa gani.

16/ Toyoshima fa? An harbe shi a daren, ya ƙarasa kansa da wuƙa. Ƙahon da ya busa yana gidan tarihin yaƙi na Canberra.